Ba kowane ciwon ciki da zazzaɓi ba ne taifot

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu ja hankalin mutanen Kaduna kan kumburin aljihunan babban hanji, wanda likitoci ke kira daibatikulaitis. Wasu 'yan aljihuna ne ke tsirowa a jikin hanjin, yawanci bayan shekara 40. Idan ɗaya ya kumbura, sai ciwo ya kafe a ƙasan ciki ta hagu, da zazzaɓi, bayan gida ya ƙi fita ko ya zama gudawa.

Mafi yawansu suna lafawa: kwana 2 zuwa 3 ana shan kunu da romo, a sha farasitamol, likita ya duba ko akwai buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Abin takaici, sai a je kemis a karɓo Diclofenac ko Ibuprofen, alhali suna ƙara haɗarin hujewar hanji. Idan ruwan mugunya ya taru ya wuce santimita 4, da allura ake zuƙe shi ana kallon hoton ciki. Idan kuwa ciki ya sanƙare kamar katako, taɓawa kaɗan mutum ya yi ƙara, a garzaya asibiti, tiyata ce.

Bayan sati 6 zuwa 8 da lafawar ciwon, a leƙa hanjin da na'ura don kawar da zaton sankara. Daga nan a yawaita wake, zogale da tuwon dawa, domin ciwon yakan dawo.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Tudun Wada, Kaduna