Takardar Koke Daga Manoman Rani Na Bakin Dilimi, Jos

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu lambu a bakin kogin Dilimi da gefen kududdufan da haƙar kuza ta bari, mun kawo kukanmu gabanka tun ba a kammala kasafin kuɗin baɗi ba.

Kabejin Jos da karas da latas da koren wake ba sa buƙatar talla. Daga kasuwar Farin Gada ake lodinsu zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Abin da mai saye bai sani ba shi ne wahalar da kwando ke sha kafin ya bar lambu. Kwalbatin hanyar da ta gangaro wurinmu ya rufta, a-kori-kura ta daina shigowa, sai yara su riƙa jido a ka har bakin titi. Tumatirin da aka tsinka da asuba yakan kai azahar yana shan rana. Kafin ya isa kasuwa na ƙasan kwando ya fara tsiyaya, dillali ya yaye ciyawar bakin, ya danna yatsa, ya yi tayin da ya ga dama. Dole ka sallama, tunda tumatir ba ya jiran gobe.

Sai ruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man injin ban ruwa ya fi ƙarfin da yawanmu. Wasu sun bar rabin fili ba shuka. Dilimi kuwa ta zama bola: leda da ruwan kwata ke toshe mana tiyo, kuma da wannan ruwan ake shayar da latas ɗin da ake ci ɗanye. Ba ma jin daɗin faɗa, amma gaskiya ce. Gine-gine kuma sai matso bakin kogi suke yi. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012 a Rikkos da Gangare ya san abin da ruwa ke yi idan aka tare masa hanya.

Ranka ya daɗe, muna godiya da takin da akan raba da injinan feshi. Sai dai taki yana ƙara yabanya ne kawai, ba ya kai ta kasuwa. Ƙarin amfani ba hanya, ba wurin ajiya, ƙarin asara ne. Don haka muke roƙon a bi abin daki-daki. A fara da kwalbati da zuba jar ƙasa a hanya kafin ruwan Afrilu ya sauka, in an makara sai wata shekara. Daga nan a yashe kududdufai, a sa famfon sola a waɗanda ba sa ƙafewa, mu haɗa kuɗin kula da shi kamar yadda muke adashi. A shata iyakar da gini ba zai ƙetare ba, a hana zubar da shara a kogi. Ɗakin sanyi a kusa da kasuwa shi ne babban burinmu, mun san ba aikin wata ɗaya ba ne, amma a sa shi a rubuce, a ware masa fili.

Kuma kafin injiniya ya zana komai, a zauna da mu. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Mun san kududdufin da ke kai Maris da ruwa da wanda ke ƙafewa tun Janairu.

Yashi da dutse da leburanci na aikin kwalbatin mun ɗauke su. A ba mu siminti da rodi da ƙwararren mai duba aiki. Muna gayyatar ka lambu da sassafe ranar tsinka, ka gani da idonka.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Mu ne naka,
Manoman rani na bakin Dilimi, maza da mata.