Zuwa ga 'yata, kan rigar da na tsinta a ƙarƙashin matashi

Gwammaja, Kano

Assalamu alaikum, 'yata.

Da fatan kin kwana lafiya, ke da maigidanki da ƙaramin maigidana. Ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin san ke 'yar fari ce, ko sunanki ban iya kamawa a gaban mutane, balle in zaunar da ke in yi doguwar magana ido cikin ido. In na fara, ko dai ki sunkuyar da kai ki ce "to Umma", ko kuma mu ɓuge da kuka mu biyu. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Asabar da na zo, kina wanka na shiga gyara miki gado, sai na ga rigar matsin nan da asibiti suka ba ki don tabon ƙuna a dunƙule ƙarƙashin matashi, a bushe, ba alamar an sa ta tun safe. Da kika fito kika zura doguwar riga kika ja hijabi har yatsu, kina tsammanin ban lura ba. Na lura. Ban yi magana ba ne saboda surukarki tana falo. Na koma gida ban iya cin tuwon dare ba.

Ba faɗa zan yi miki ba. Ni ce na kwana a kan tabarma gefen gadonki mako bakwai bayan tukunyar gas ɗin nan ta tashi. Na ga yadda kike cije zani in za a wanke ciwon, na ga wurin da aka ɗebi fata a cinyarki aka dasa a hannu da ƙirji. Wadda ta haɗiye wannan ba a kiranta raguwa. Kuma na san rigar tana da takura. Na taɓa zura hannuna a cikin safar hannunki don in ji abin da kike ji, minti biyar ban kai ba na cire.

Amma ki tuna abin da ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta gaya mana ranar da ta auna ki da tef, tana rubuta faɗin kowane yatsa. Ta ce rufewar ciwo ba shi ne ƙarshen aikinsa ba. Ƙunar da ta wuce mako uku ba ta rufe ba, ko wadda aka yi wa dashe, tabonta kan ci gaba da saƙa nama a ƙasa, ya taso ya yi tudu, ya yi tauri, ya yi ja ko ya yi duhu. In ya ratsa gaɓa kamar gwiwar hannu ko tsakanin yatsu, sai ya riƙa tsukewa yana jan gaɓar har miƙewa ta gagara. Mu baƙaƙen fata mun fi saurin yin irin wannan tabon. Rigar tana danne shi ne a hankali, dare da rana, don ya kwanta. Shi ya sa aka ce awa 23 a cikin 24, awa ɗayan kuwa ta wanka ce da shafa mai, kuma a yi ta haka shekara ɗaya, wani lokaci shekara ɗaya da rabi ko biyu, sai tabon ya yi laushi ya daina wannan jan. Ke yanzu watanki huɗu da farawa, wato daidai lokacin da tabon ya fi ƙarfin tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, 'yata. In ya bushe, sau da yawa sai an kai ga wuƙar likita, kuma ba na son in sake tsayawa a ƙofar ɗakin tiyata ina jan carbi.

Na san ba zafi kaɗai ya sa kika cire ta ba. Bikin 'yar Goggonki ya matso, an fitar da anko, kin ga ƙawayenki suna ta tura hotunan ɗinki mai kama jiki, ke kuma kina tunanin yadda wannan abu mai ruwan ƙasa zai leƙo ta wuya da hannu, mata su yi ta "wayyo, sannu". Ƙanwarki ta gaya min kin ce gara ki zauna a gida. Ba za ki zauna ba.

Na karɓi leshinki na kai wa telata ta nan bayan layi, na zauna da ita kusan awa guda. Bubu za ta yi miki, mai faɗin hannu, wuyan ya ɗan hau sama yadda zai rufe bakin rigar matsin ba tare da ya shaƙe ki ba. Zif ɗin a gaba zai zauna, don kada ki riƙa murɗa hannu kina nemansa a baya. Za ta yi masa shafi da yadin auduga mai laushi, saboda leshi da duwatsunsa suna kama zaren rigar su tsinka shi, kuma suna goge fatar da ba a rufe ba. Na kuma shiga Kantin Kwari na yanko miki yadi marar nauyi kala uku da atamfa biyu na zaman gida. Na ce da ita kada ta auna ki sai kina sanye da rigar matsin. Kayan ne za su bi rigar. Shadda mai sitati da duk wani yadin roba mai riƙe zufa, ki ninke su ki sa a akwati sai baɗi, ba inda za su gudu. Awarwaro da zobe ma ki mayar hannun hagu.

Ranar bikin akwai abubuwa uku da ban yarda da su ba. Dilka ba za ta hau wannan fatar ba, ko wa ya ce zai goge miki tabo da ita. Baƙin lallen nan na zane kada ya kusanci hannun dama, yana ƙona har lafiyayyar fata. Ki yi jan lalle a hagu da ƙafa, ya ishe ki ado. Sai kaskon turaren wuta. Rigar nan zaren roba ce, in ta ji garwashi narkewa take yi, kuma sabuwar fata ba ta jin zafi yadda ya kamata, kina iya ƙonewa ba ki sani ba. Ki turara bubun tun yana rataye, kafin ki sa.

In wata ta tambaye ki mene ne wannan, ki ce "rigar asibiti ce, ta gyaran tabo", ki ci gaba da hirarki. Yawancinsu tausayi ne ya sa su tambaya, ba su san yadda za su faɗe shi ba ne.

Maganar wanki kuwa, na ga kin shanya ɗayar a kan igiya tsakiyar rana. Kada ki ƙara. Guda biyu aka ba ki don ki sa ɗaya ki wanke ɗaya kullum, da hannu, da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi. Ba a murɗe ta, a naɗe ta a tawul a danna ruwan ya fita, a shimfiɗa a inuwa. Dutsen guga ba ya taɓa ta. Man da kike shafawa ki bari ya shige fata sosai kafin ki mayar da rigar, domin maiƙo, musamman basilin, yana kashe robar. Ko da kin kula da ita, bayan wata biyu ko uku takan saki, kuma rigar da ta saki ba ta aikin komai. Babanki ya ce in lokacin sabuwa ya yi a gaya masa, kada ki ji nauyin kuɗin. Ya sayar da ragon da yake kiwo tun watan jiya ya ajiye, bai so in faɗa miki ba.

Hunturun nan na san yana busar miki da fata har ta tsage, tunda wurin da aka dasa ba ya fitar da maiƙo kamar da. Ki ƙara yawan shafa mai, kina murzawa da yatsa kamar yadda aka nuna miki. In ƙaiƙayi ya taso kada ki sa farce, ki ɗan bubbuga da tafin hannu ko ki ɗora tsumma mai sanyi a kan rigar. Bazara ce ke ba ni tsoro. Kin san Kano a watan Afrilu, zafi kan haura 40, ga wuta ba ta zama. Ki riƙa shan ruwa da yawa, ki bar fita tsakanin azahar da la'asar, kuma rana kada ta taɓa tabon, tana ƙara masa duhu. Girkin rana ƙanwarki za ta zo ta riƙa yi miki har damina ta sauka, mun gama magana da ita.

Amma in kin ga yatsunki sun kumbura, ko sun sage, ko sun canja kala, ko wuri ya yi bororo ko ya ɓalle, wannan kam ki cire, ki koma asibiti a duba, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.

Na san alwala ma tana damunki, cirewa da mayarwa sau biyar a rana. Na tambayi malaminmu na Islamiyya ba tare da na ambaci ko wace ce ba. Ya ce shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi sananne ne a fiƙihu idan cirewar na da cutarwa, amma ki je ke da maigidanki ku yi wa malami bayanin halin da kike ciki da abin da likita ya ce, ya ba ki hukuncin da ya dace da ke.

Jiya da yaron nan ya miƙo hannu ki ɗauke shi, na ga kin karɓe shi da hagu kaɗai, damar tana lanƙwashe a ƙirji. Ina so in ga ranar da za ki ɗaga shi sama da hannu biyu, ki goya shi ki ɗaure zani da kanki.

Ranar Laraba da hantsi zan zo mu je wurin telar a gwada. Ki sa rigar tun yau, in zo in same ta a jikinki. Babanki yana gaishe ki, ya ce a shafa masa kan abokinsa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa kaffara ne.

Mahaifiyarki,
Umma