Godiya ta musamman ga Alhajinmu mai shagon canji a Wapa da yaransa

Assalamu alaikum. Alhaji barka da kasuwa, ya iyali ya yara, ina fatan duk kuna lafiya. Na san kun ce kar in kama sunanku ko na shago a ko'ina, to ban kama ba, amma ba ku hana ni godiya ba ai, kuma wallahi tun da muka dawo abin yake ta cina a rai, Inna ma kullum sai ta ce "ka rubuta wa ɗan nan kuwa?" Shi ne yau na ce bari in zauna in rubuta inda jama'a za su gani, wanda ya san ku zai gane ku, wanda bai sani ba in ya tambaye ni sai in kwatanta masa.

Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, riɗi da zoɓo nake yi sai ɗan kiwo. Bana Allah ya sa riɗi ya yi kyau, na haɗa da bijimai biyu da na sayar, na ce alƙawarin da na daɗe ina yi wa Inna na kai ta umara to lokaci ya yi tun tana iya taka ƙafarta. Biza da tikiti da masauki duk ejan ya gama mana, abin da ya rage shi ne guzuri, kuma nan ne nake duhu gaba ɗaya. Ni iyakacin sanina da kuɗin waje sefa ce, ita ma don muna shiga Maigatari ran Alhamis ana ta jaka kaza jaka kaza da mutanen Nijar. Dala kuwa sai dai a rediyo, yau ta hau gobe ta sauka. Kowa a ƙauye da tasa shawarar, wani ya ce in tafi da nairata can zan canza, wani ya ce in bari sai a filin jirgi, kawuna da ya yi aikin hajji shekarun baya ya ce shi a zamaninsu a sansanin alhazai aka miƙa musu guzurinsu ba su san wata wahala ba.

Ran da na shigo Kano na biyo ta Gezawa da sassafe, ɗan sahu ya sauke ni a Fagge wajen ƙarfe goma. Wanda bai taɓa zuwa Wapa ba ba zai gane ba, kafin ka sauke ƙafa ɗaya mutum biyar sun zagaye ka, "Alhaji dala ce? riyal ce? kawo nan, nawa za ka saya?" kowa da kalkuleta a hannu yana danna maka lamba a fuska. Kaina ya ɗau zafi. Wani malamin makarantarmu ne ya ba ni kwatancen shagonku, na dinga bi ina tambaya har yaronku ɗan siririn nan mai gilashi ya zo ya shigar da ni.

Abin da ya fara ba ni mamaki, ba ku tambaye ni nawa na zo da shi ba, cewa kuka yi "Malam ina za ka, kwana nawa, kai da wa?" Da na ce Makka ni da tsohuwata sati biyu, sai kuka ja takarda kuka rubuta 3.75 kuka ce in riƙe wannan lambar kamar lambar wayata. Kuka ce riyal ɗaure take da dala tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75, wato dala ɗari riyal 375 kenan, ba ta hawa ba ta sauka kamar tamu, yadda sefar da na sani take ɗaure da yuro a kan 655.957. Wallahi shekara nawa ina cinikin sefa ban san haka ba. Kuka ce to duk inda na je a Saudiyya na miƙa dala ɗari, abin da aka ba ni in cire shi daga 375, abin da ya rage shi ne ribar mai canjin, in riyal biyu ne ko uku babu laifi haƙƙinsa ne, in ya kai goma ko sha biyar in karɓi kuɗina in yi gaba. Shikenan fa, da wannan ɗan lissafin na yi sati biyu babu wanda ya yi min wayo.

Sai maganar farashi biyu. Ni da na ɗauka dala kuɗinta ɗaya ne, ashe kowane ɗan canji yana da farashin da yake saye da wanda yake sayarwa, tsakaninsu nan abincinsa yake. Da bakinku kuka faɗa min naku duka biyun, kuma kuka ce in fita in zagaya shago uku ko huɗu in tambaya, in na samu wanda ya fi ku sauƙi da takardu masu kyau in saya a can ba za ku ji haushi ba. Na ɗauka gatse ne. Na fita ɗin kuwa, don mu mutanen ƙauye ba ma sayen akuya sai mun zagaya kara. Na samu wani a bakin titi da ya rage min naira 20 a kan kowace dala, har na fara jin daɗi, na dawo na gaya muku, kuka yi dariya kuka ce in koma in ce ya nuna min takardun tukuna. Da ya zaro sai ga 'yan ashirin-ashirin da goma-goma sun sha hannu, da 'yan ɗari tsofaffi irin masu ƙaramin kai, ɗaya har da rubutun biro a gefe.

A nan kuka zaunar da ni kuka fito da 'yar ɗari sabuwa kuka ɗora a hannuna. Kuka nuna min shuɗin zaren nan da ke tsakiya wanda in ka karkata takardar sai ka ga abubuwan ciki suna motsi, kuka ce irin wannan ita ce wadda Amurka ta fitar a 2013, ita ake cewa bulu, kuka sa na ɗaga ta a hasken ƙofa na ga fuskar mutumin a ɓoye ta gefen dama, kuka sa na shafa kafaɗar rigarsa da farce na ji kaushi-kaushi. Kuka ce tsohuwar ma kuɗi ce a ƙasarsu ba a soke ta ba, amma masu canji a waje suna ƙyamarta ko su karya mata farashi, haka ƙananan takardu, haka wadda ta yage ko ta sha tawada. Ni da ban taɓa riƙe dala ba sai ga ni ina duba guda goma ɗaya bayan ɗaya kamar tsohon ɗan kasuwa, yaranku suna ta min dariya.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne abin da ya faru bayan mun yi ciniki. Mun tsaya a kan dala dubu ɗaya, na yi taransifa daga wayata wajen sha ɗaya da rabi, an cire kuɗin a wajena amma alat bai shigo muku ba. Netwok ya tsaya cak. Kuɗin riɗin shekara guda da bijimai biyu suna yawo a iska, ni gumi kawai nake, na kira layin bankin ya fi sau goma ana sa min kiɗa. Kuka ce in kwantar da hankalina, canji hannu da hannu ake yinsa a shari'a, ba za ku miƙa ba sai kuɗi ya shigo, ni ma ba zan bar wurin ba sai da kayana, kuka sa takardun a ambulan kuka rubuta sunana kuka ajiye a gabana. Muka yi azahar tare, kuka aika aka sayo min shinkafa da wake. Tsakanin nan ina ji da kunnena ana ta waya kasuwa ta motsa, dala ta ƙara naira goma sha biyar, wani ma ya leƙo yana neman 'yan ɗari sababbi ido rufe. Na ce a raina shikenan za a ce min lissafi ya canza. Alat bai shigo ba sai bayan la'asar, kuka duba waya kuka turo min ambulan kuka ce "ƙirga Malam." Na ce Alhaji ƙarin fa? Kuka ce wane ƙari, ai mun gama magana tun da safe. Naira dubu goma sha biyar ce kuka bari a wurin, na lissafa a mota ina komawa. Wani zai ce ba wani kuɗi ba ne, to a wannan kasuwar da ake faɗa a kan naira biyu ni na san abin da na gani.

Duk wanda yake ƙasar nan ya san yadda naira ta koma tun watan Yunin 2023 da Babban Banki ya sake ta kasuwa ta yi mata farashi, da can gwamnati tana cewa wajen 460 'yan kasuwa suna cewa 750, kafin a je ko'ina a 2024 ta haura 1,500. A irin wannan yanayin mutum ya riƙe maganarsa ta safe har yamma ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ba ku bar ni na zuba komai a dala ba, kuka ba ni riyal 300 ƙanana 'yan goma da 'yan hamsin, kuka ce na ranar farko ne, ruwa da layin waya da ɗan abin taɓawa, don kar in sauka a gajiye da tsohuwa in fara neman wurin canji a filin jirgi inda suka san ba ka da zaɓi. Naira kuwa kuka ce in bar ta a gida, in ɗauki ta motar dawowa daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Ringim kawai. Kuka ce in raba kuɗin gida biyu, rabi a jikina rabi a lalitar Inna. Ita kam da ta ji haka cewa ta yi ɗan nan ya san darajar tsofaffi, ta ɗinke nata a cikin ɗan tofi ba wanda ya isa ya gani har ni.

Can Makka a Misfala aka sauke mu, shagunan canji ga su nan a jere a kan titin Ibrahim Khalil in za ka gangara Harami. Na yi yadda kuka ce, ban canza a otal ba, na leƙa uku na duba allonsu, na miƙa ɗari ɗaya aka ba ni 373 da rasit. Na tsaya a wurin na ƙirga kafin in matsa duk da na bayana suna ta "yalla yalla ya hajji." Bayan kwana biyu ko uku in ta ƙare in sake canza wata ɗarin, ban taɓa canza da yawa lokaci guda ba. Mafi yawan kuɗin ma a kan Inna ya tafi, don ɗawafi ta yi shi da ƙafarta amma Safa da Marwa sai da aka tura ta a keke, sai aski na da abinci, tuwo take nema kullum kuma Alhamdulillahi a unguwar akwai masu yi.

Akwai wani bawan Allah da muke ɗaki ɗaya, mutumin kirki daga wajen Gumel, shi ya sayi dala 500 a hannun masu tare mutane a titi saboda an rage masa naira ashirin-ashirin, yana ta murna ya tsira da dubu goma. Duk masu ƙaramin kai aka haɗa masa. Shago biyu suka ƙi karɓa sam, na uku ya ce 350 in ya yarda, haka ya bayar don ba yadda zai yi. Riyal 23 a kowace takarda sau biyar, riyal 115 kenan, muka buga a waya ya haura naira dubu arba'in. Ranar bai ci abincin dare ba. Na tausaya masa ƙwarai don da ban faɗo hannunku ba ni ne wannan, har na riga na sa hannu a aljihu ranar.

Wani abu ɗaya da kuka faɗa wanda ban ɗauka da muhimmanci ba sai da na gani, wani ɗan Kano a cikinmu mai katin banki ya je biyan kuɗin dabino injin ya tambaye shi da riyal zai biya ko da dala, na ce masa Alhajina ya ce kullum ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake ciki, in ka zaɓi ɗayan su za su yi maka canjin da farashin da suka ga dama. Ya kalle ni yana mamakin ina ɗan ƙauye ya san wannan, na ce a Wapa na yi karatu kwana ɗaya.

Ƙorafi na ɗaya ne Alhaji kuma ku yi haƙuri, bencin nan na shagonku ƙafarsa ɗaya ta karye an tokare da bulo, na yi awa biyar a kai ina tsoron kifewa, dan Allah a kira kafinta.

Mun dawo da dala ɗari biyu da riyal 85. Na so in kawo muku in mayar naira sai na tuna kun ce duk canjin da aka yi sau biyu an ci riba a kanka sau biyu, in ba matsuwa na yi ba in ajiye, to suna nan a ƙasan akwatin Inna cikin leda saboda gara, ta ce na hajji ne in Allah ya kai mu. Allah ya saka muku da alheri Alhaji, ya yi wa dukiya albarka, ya raya zuri'a, ya jiƙan mahaifa. Yaranku duka ina gaishe su, musamman mai gilashin da ya raka ni har bakin titi ya tsayar min da ɗan sahu ya ce in sa ambulan a aljihun ciki kar in riƙe a hannu. Inna ta ware muku zamzam da dabino ajwa da carbi biyu, ni kuma na ƙara da kwano uku na zoɓo na gonata, ranar Litinin mai zuwa in Allah ya yarda zan shigo da motar farko, in kun fita sai in bar wa yaran.