Mu da muka fita mun san aikin da aka yi kafin ranar

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na rediyo na daren Lahadi ya ɓata min rai, har yanzu abin bai bar cina ba. Baƙon nan da kuka kawo ya zauna yana ta cewa masu zanga-zangar talauci da tsadar rayuwa taron yuyuyu ne, ba shugaba ba tsari, wai ma wani ne a bayan fage yake raba musu kuɗi, kuma mai gabatarwa ko sau ɗaya bai tare shi ya ce ina hujjarka ba. Haba Malam!

Ni da ƙafata na fita, ba labari aka ba ni ba. Sati uku muka yi muna zama kafin ranar, kowa ya taso daga wajen nemansa a gajiye amma haka za a zauna har dare ana raba aiki. Akwai masu kula da ruwan sha, akwai 'yan agaji, wata ma'aikaciyar jinya da ke cikinmu ita ta koya mana yadda ake wanke ido in an harba barkonon tsohuwa, akwai kuma samarin da aka ɗaura wa ƙyalle a hannu suna tafiya a gefen jama'a, aikinsu kawai su hana wani ɗaukar dutse ko taɓa kayan mutane. Ni kuɗin karo-karo aka damƙa min. Duk abin da mutum ya bayar sai na rubuta a littafi, da dare in ɗauki hoton shafin in tura gurup ɗinmu na WhatsApp kowa ya gani, abin da ya shigo da abin da ya fita. Littafin yana nan a wajena, direbobi ne da ɗalibai da masu aikin hannu a ciki, wata baiwar Allah kuɗin motarta ta bayar ta koma gida a ƙafa. Ita ce yau ake cewa an biya ta ta fito? Da safen ranar kowa sai da ya rubuta lambar lauya a damtsensa da biro, don mun san in aka kama mutum wayarsa za a fara karɓewa.

Maganar rashin shugaba kuma da gangan muka yi. In mutum ɗaya ne a gaba, a kama shi ko a saye shi, shikenan tafiya ta mutu. Ba mu muka fara ba ai. 'Yan zanga-zangar Occupy Wall Street da suka mamaye dandalin Zuccotti a New York daga 17 ga Satumba 2011 suna cewa su ne kashi 99 cikin ɗari na jama'a da manyan masu kuɗi suka danne, haka suka yi, kullum sai sun yi taron gama-gari, ba su da izinin lasifika sai mutum ya faɗi jimla ɗaya na kusa da shi su maimaita da ƙarfi har ta isa na baya, ga wajen girki ga laburare duk a cikin filin. A Chile a Oktoban 2019 'yan sakandare ne suka fara tsallake ƙofofin shiga tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da biya ba a kan ƙarin peso 30 (kuɗin ƙasarsu) da aka yi wa kuɗin tikiti, ranar 25 ga watan fiye da mutum miliyan ɗaya suka cika Santiago. A Kenya a 2024 matasa zama suka yi suna karanta ƙudirin haraji sashe-sashe suna bayyana wa mutane a TikTok da X, har Shugaba Ruto ya ƙi sa masa hannu ranar 26 ga Yuni. Taron yuyuyu yana karanta ƙudirin doka?

Da baƙonku cewa ya yi matsalar ita ce bayan an watse, da na saurare shi da kunnen basira, don nan ne inda yake mana ciwo. 'Yan sanda sun kwashe mutanen Zuccotti a 15 ga Nuwamba. 'Yan Chile sun samu an yarda a rubuta sabon tsarin mulki, amma daftari biyu aka kawo a 2022 da 2023 duk masu zaɓe suka ƙi su. Mu ma gurup ɗinmu yanzu sai a yi sati ba wanda ya ce uffan, kuma ina jin zafin hakan sosai. Wannan ya kamata ku tattauna, ku gayyato wanda ya taɓa shirya fita ya faɗa muku da bakinsa.

Sannan don Allah ku duba maganar tallan da kuke sawa a tsakiyar shiri, ƙararsa ta ninka ta masu magana, mahaifina kunnensa ba ya son hayaniya, duk lokacin da aka sako sai na tashi na rage rediyo in an dawo kuma in sake ƙarawa, a shiri ɗaya sai a yi haka sau huɗu.

Na gode,
mai sauraronku na kullum.