Zuwa ga ɗana mai tonon kufai

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yayarka ce ta yi suɓutar baki, na ji jami'a ta ƙara maka kwantiragin shekara biyu, kuma tonon bana a wata tsohuwar maƙabarta za ku yi shi. Sai a bakin wani zan ji?

Ban taɓa hana ka karatun nan ba. Ranar da kawunka ya ce digiri uku a kan fasassun tukwane asara ce, ni na tsaya maka. Zancen aiki kuwa, yau shekara biyu, gobe uku, kujerar dindindin sai wani farfesa ya yi ritaya, na bar wa Allah. Ko a 2021 da Jami'ar Sheffield ta Ingila ta yanke shawarar rufe sashenta na fanninku na tonon kayan tarihi, ban ce maka uffan ba.

Ƙasusuwan nan ne ke hana ni barci. Kai da bakinka ka ba ni labarin maƙabartar East Smithfield ta Landan, inda aka binne waɗanda annoba ta kashe wajen 1348, aka tono su, aka yi amfani da haƙoransu har aka karanta ƙwayar halittar cutar a 2011. Na yarda ilimi ne. Yadda ka faɗa ne ya tsorata ni, kana murmushi, kana kiran mutum da lambar akwati. Uwa ce ta haife shi, wasu suka yi kuka suka rufe shi. Sarki Richard na Uku na Ingila da aka gano ƙasusuwansa ƙarƙashin wurin ajiye motoci a Leicester a 2012, bayan shekara uku an sake binne shi da girmamawa. Talakawan fa? Haka za su yi ta zama a cikin akwatuna ana jiran kuɗin bincike? Ba haka na rene ka ba, kuma idan da bushewar zuciya ake zama farfesa, ba na so.

Ban ce ka ajiye aikin ba, na san wahalar da ka sha. Ka dai tambayi shugaban tonon inda za a kai su bayan an gama auna su, ka rubuto mini amsarsa. Kada kuma in ga hotonka riƙe da ƙoƙon kan wani.

Innarka ba ta sani ba tukuna, kai za ka faɗa mata. Ka lura da gwiwar nan taka wajen durƙuso a rami. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka