Rahoton Ayyukan Shekara: Ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Ƙananan Manoman Inabi a Swartland, Afirka ta Kudu

'Yan'uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen wata kakar.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne riƙe danshi a ƙasa. Kun san ruwanmu a lokacin sanyi yake zuwa, galibi daga Mayu zuwa Agusta. Da zarar zafi ya kama, kurangar da ba a yi mata ban ruwa ba ta da abin sha sai wanda saiwarta ta lalubo can ƙasa. Shi ya sa kwamiti ya sayo karan alkama da yawa daga manoman garin Malmesbury, aka raba, kowa ya shimfiɗa a gindin itatuwansa. A tsakiyar Janairu na zagaya gonakin gefen dutsen Paardeberg, rana na dukan ka, na cusa hannu ƙarƙashin karan, na ji ƙasa da sanyinta. Inda ba a shimfiɗa ba kuwa, ganye har ya soma ƙonewa. Duk wanda ya ga farin 2015 zuwa 2018 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amfanin bai yi yawa ba, amma ya yi kyau. 'Ya'yan ƙanana ne masu kaurin fata, kuma a fatar nan launi da ƙarfin jar giyar suke. A cikin nau'o'in inabinmu, Cinsault da Grenache sun jure sosai. Syrah ce ta yi zaƙi fiye da kima a hannun waɗanda suka makara wajen tsinka. Mun bar inabin ya tsimu da kansa a buɗaɗɗun tankuna, ba mu zuba yis ba, ana danna fatar da ta taso safe da yamma. Injin matsa guda ɗaya muka yi karɓa-karɓa da shi, babu wanda ya ci layin wani.

Kwalabe sun iso a makare, abin ya ba mu wahala. Mun sauya dillali.

Abin da ke damuna shi ne tumɓuke tsofaffin itatuwa saboda ba sa ba da yawa. Gonar da ta kai shekara 35 tana iya samun hatimin Old Vine Project, wato shirin kare tsofaffin gonakin inabi, a jikin kwalba, masu saye kuma suna dubawa. Don Allah duk mai niyyar tumɓukewa ya fara tuntuɓar kwamiti.

Za a fara datse rassa a Yuli. Mai buƙatar ma'aikata ya ba sakatare sunansa tun yanzu, tare da kuɗin ƙungiya na bana.