Ƙofar ragar sauro a gidan haya: wa zai gyara idan ta lalace?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a shafin wasiƙu domin in yi magana kan wani abu da ake raina shi, alhali kusan kowace damina sai ya haɗa masu gidaje da 'yan haya faɗa a Abuja. Ina nufin ƙofar raga, wadda ake sawa a gaban ƙofar falo ko ta kicin don iska ta shiga sauro ya tsaya a waje. Duk wanda ya zaga Kubwa, Lugbe, Karu, Dutsen Alhaji ko Gwagwalada zai ga irinta: ragar ta yage daga ƙasa an toshe da kwali, ko ƙofar ta sunkuya tana jan siminti, an ɗaure ta da igiya a jikin ƙarfen taga don kada iska ta riƙa buga ta. Ɗan haya ya ce ai ba gidan ubansa ba ne da zai kashe kuɗi a kai. Mai gida ya ce lafiya lau ya miƙa ta. A haka za a cinye wata shida, daga Afrilu zuwa Oktoba, yara na kwana da sauro.

Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Sauron da ke ɗauke da cutar daga magariba yake fara aiki har asuba. Gidan sauro yana kare mutum ne idan ya hau gado, amma tsakanin sallar magariba da ƙarfe goma na dare iyali suna falo, ana cin tuwo, yara na karatu. Idan an ɗauke wuta, ga zafin Abuja, babu mai iya rufe ƙofar ƙarfe ya zauna. A waɗannan sa'o'i ƙofar raga ce kaɗai tsakanin jariri da sauro. Shi ya sa nake ganin bai kamata a lissafa ta cikin kayan ado irin su labule ba. Matsayinta ɗaya da famfo da makewayi.

Mutane da yawa suna zaton akwai dokar da ta fayyace wannan. Dokar da aka fi ambata a Babban Birnin Tarayya ta karɓar gida daga hannun ɗan haya ce, kuma maganarta ta notis ce: mai biyan wata-wata a ba shi wata ɗaya, mai biyan shekara a ba shi wata shida idan ba a rubuta wani abu daban ba, sannan notis na kwana bakwai kafin a je kotu. Maganar gyara kuwa, abin da aka rubuta a yarjejeniya shi alƙali zai fara dubawa. Yawancin takardun da lauyoyi da dillalai ke bugawa suna cewa ɗan haya zai kula da cikin gida ya mayar da shi yadda ya same shi, ban da lalacewar da tsufa da amfani na yau da kullum suka jawo, mai gida kuma ya kula da gini da rufi da abin da ke waje. To ƙofar raga ciki take ko waje? Nan rigimar take samo asali, domin takardar ba ta ambace ta ba. Masu zama a Mararaba da Masaka su lura cewa su a Jihar Nasarawa suke, kotunan can ne nasu.

Hanyar da na ga ta fi adalci ita ce a bar gardamar ciki da waje, a tambayi abin da ya lalata ƙofar. Abin da rana da ruwa da gara da shekaru suka ci, da abin da ya samo asali daga mugun aikin kafinta, na mai gida ne, domin dukiyarsa ce kuma yana karɓar haya a kanta. Abin da hannu ko ƙafa ko sakaci suka ɓata, na ɗan haya ne. Malaman fiƙihu ma haka suka tsara a babin haya: abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya yi ganganci ko ya wuce iyaka.

Kuma ƙofar da kanta tana faɗin abin da ya same ta, idan an duba da kyau. Ragar roba da ta sha rana takan koɗe, ta yi fari-fari, idan ka danna ta da yatsa sai ta fashe kamar busasshen ganye, kuma za ka ga tsagewar a wurare da yawa, har sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wannan tsufa ne. Ragar ƙarfe mai arha tana fara tsatsa daga ƙasa inda feshin ruwan sama da ruwan wanke daɓe ke taɓa ta, da kuma kewayen kan ƙusa, ta yi ja ta ruɓe. Wannan ma ba laifin ɗan haya ba ne. Amma raga mai ƙwari da aka samu da yanka guda miƙaƙƙe, ko rami zagayayye daidai tsayin gwiwa, ko ta ɓalle daga katako ta yi ciki kamar an tura ta da ƙafa, wannan aikin kujera ne ranar kwashe kaya, ko ƙwallo, ko kyanwa, ko yaron da ke tura ƙofa ta jikin raga maimakon mariƙi. Ɗan haya ne zai biya.

Sunkuyawar ƙofa ita ce aka fi zaluntar 'yan haya a kanta. Ƙofa mai faɗin ƙafa 3 da tsayin ƙafa 7 tana buƙatar hinjis uku, a ɗaure su da sukuru. Abin da ake gani a gidajen haya da yawa shi ne hinjis biyu ƙanana, an buga su da ƙusa. Ƙusa ba ta riƙe abin da ake buɗewa sau hamsin a rana. A hankali take zarewa, kusurwar ƙofa ta sauka ta fara gogar ƙasa. Ga kuma ɗanyen katako. Idan aka haɗa firam da katakon da bai bushe ba, da hunturu ya kama sai ya tsuke ya murɗe, mahaɗan kusurwa su buɗe, da damina kuma ya kumbura ƙofar ta ƙi rufuwa. Babu abin da ɗan haya ya yi a nan. Haka idan aka ƙwanƙwasa katako aka ji shi holoƙo, garin ƙasa na zuba, gara ce, kuma maganinta da sauya katakon duk na mai gida ne. Inda ɗan haya yake da laifi shi ne idan ya cire sifirin da ke mayar da ƙofa saboda ƙararsa ta dame shi, ya bar ta a sake, iskar hadari ta fizge ta ta tsaga katakon wajen hinjis.

A ƙofar alminiyom mai zamiya, tayoyin ƙasa suna cinyewa da kansu, sauya su na mai gida ne. Amma share ƙurar hunturu da yashi daga cikin layin da take bi aikin ɗan haya ne, kuma rashin sharewar ne ke sa a riƙa fizgar ƙofa har ta fita daga layi ta lanƙwashe.

Gyaran kansa bai kai yawan maganar da ake yi a kansa ba. Ƙaramin rami da bai fi tafin hannu ba, a yanko ƙyallen raga iri ɗaya wanda ya fi ramin da inci ɗaya ta kowane gefe, a ɗinke shi da siririyar waya ko zaren nailan. Idan sauya raga gaba ɗaya ne a ƙofar katako, a cire ƙofar a kwantar da ita a ƙasa mai laushi, a ɓamɓare siraran katakan da suka danne bakin ragar a hankali don a sake amfani da su, a cire tsofaffin ƙusoshi duka. A sayo raga mai faɗin ƙafa 4 da tsayin ƙafa 7 da rabi, domin a samu rarar da za a ja. Ana fara kafawa daga sama, a ja ta ƙasa ta miƙe, sannan gefe da gefe, ƙusa ko wayar maƙalawa kowane inci 2 zuwa 3, a mayar da siraran katakan da ƙusa mai inci ɗaya, sai a yanke rarar da reza. Wanda ya fara yankewa daidai awo kafin ya kafa, zai ƙare da raga mai tattara ko wadda ba ta kai ba. A ta alminiyom babu ƙusa. Akwai kwarmi a jikin firam da igiyar roba da ke danne ragar a ciki. A sayi sabuwar roba mai kauri daidai da tsohuwar, domin wadda ta sha rana ta ƙandare, ba za ta sake riƙewa ba. Kada a ja ragar da ƙarfi sosai, firam ɗin alminiyom yana lanƙwasowa ciki ya bar kafa a gefe.

Wajen saye, a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ko a shagon kayan gini na unguwa, a duba idon ragar. Wadda ke tsare sauro tana da ido 16 zuwa 18 a kowane inci. Mai manyan idanu ƙuda kawai take tarewa. Idan ragar alminiyom ce kada a kafa ta da ƙusar baƙin ƙarfe, haɗuwar ƙarfen biyu da danshi tana cinye ragar a kewayen ƙusa. Ramin sukuru da ya buɗe kuma ba sai an sauya katako ba: a cusa tsinken katako da gam, a bari ya bushe, a ɗaura sukuru mai ɗan tsayi. Ƙofar da ta sunkuya ana miƙar da ita da katako ko waya a karkace, waya daga kusurwar sama ta wajen hinjis zuwa kusurwar ƙasa ta wajen mariƙi.

Akwai abu uku da nake roƙon masu gidaje su sa tun farko, don su ne ke rage yawan kiran kafinta. Ƙafa biyu na ƙasan ƙofa a rufe da falanki ko a ƙara waya mai kauri a bayan ragar, domin a nan ƙafa da yara da dabbobi ke bugawa. A sa katako a tsakiya, daidai inda hannu ke turawa. Sannan ƙofar ta riƙa buɗewa waje, don sauron da ya sauka a jikinta kada a tura shi ɗaki, a kuma liƙa roba a ƙasanta idan akwai kafar da fensir zai iya wucewa. Raga sabuwa fil da kafa a ƙasa, asarar kuɗi ce kawai.

Duk wannan bincike yana sauƙi ne idan an san yadda ƙofar take ranar shiga. Ɗan haya ya biya hayar shekara, ya biya kuɗin dillali da na lauya, ya ajiye kuɗin ɓarna da ake kira koshan, amma ba ya ɗaukar minti biyar ya duba ƙofofi. Kafin a karɓi makulli a buɗe ƙofar a rufe, a danna ragar, a girgiza hinjis, a ɗauki hoto da waya, a tura wa mai gida ko kiyateka ta WhatsApp a ranar, don kwanan wata ya zauna. A kuma nemi a ƙara layi biyu a yarjejeniya: mai gida zai miƙa ragar ƙofa da ta taga lafiya kuma zai sauya abin da ya tsufa, ɗan haya zai gyara abin da shi ko iyalinsa ko baƙinsa suka ɓata. Lauyan da ya karɓi kasonsa ba zai gaza rubuta wannan ba.

Idan ta lalace ana cikin zama, ɗan haya ya sanar a rubuce nan take, da hoto. Wanda ya ga ƙusar hinjis ta fara fita ya yi shiru wata uku har ƙofa ta faɗi ta karye, ya sa wa kansa hannu a cikin asarar, ko da asalin laifin na kafinta ne. Mai gida kuma, a ganina, bai kamata ya wuce mako guda bai turo mai gyara ba, musamman da damina. Idan ba shi da lokaci, ya amince a rubuce ɗan haya ya gyara, a faɗi kuɗin kafin a fara, a ajiye rasit, a cire daga hayar da ke tafe. Ina jan kunnen 'yan haya a nan: kada ku cire ko kwabo daga kuɗin haya ba tare da wannan amincewar ba, domin ana iya lissafa gibin a matsayin bashin haya, ƙaramar magana ta zama hujjar notis. Inda abin ya rikice, raga ta tsufa kuma yaro ya ƙarasa ta, mai gida ya sayi kaya ɗan haya ya biya kuɗin aiki. Masu gidaje su ma su ji tsoron Allah wajen kuɗin koshan: ragar da ta shekara da shekaru tana shan rana ba a cire kuɗin sabuwa daga ajiyar wanda ya zo ƙarshe.

Ƙofar da ɗan haya ya sa da kuɗinsa, shi ke gyara ta. Ya nemi izini kafin ya huda firam, a kuma yi magana tun ranar ko zai tafi da ita ya toshe ramukan, ko zai bar ta a biya shi wani abu. A gidan da ake haɗa baranda ko kicin, ƙofar kowa da kowa ce, don haka kiyateka ne ya kamata ya gyara daga kuɗin hidimar gida idan ana karɓa, in ba a karɓa a raba kuɗin bisa yawan ɗakuna.

Idan magana ta ƙi ci, kafin a kai ga kotu akwai mai unguwa da shugabannin ƙungiyar mazauna rukunin gidaje, akwai kuma sashen sasanci na Babbar Kotun Abuja, inda ake zaunar da mutane a daidaita su ba tare da doguwar shari'a ba. Amma ko ana jiran zaman sulhu, wanda ke kwana a ɗakin ya ɗinke ramin a daren nan, ya ɗauki hoto kafin ɗinki da bayansa, ya ajiye guntun tsohuwar ragar domin a nuna wa duk wanda zai raba gardamar.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatu daga Kubwa, Abuja